Kofi Mai Murfi

Shafi na 27

Masu cika min waya da cewa Mai Labari ta cika sanyi, wai haƙurinta har haushi yake ba ku, to ku matso kusa. Masoyan Auta ma ku zauna, kada wani ya ce ban faɗa masa ba, yau ba ruwana da kowa.

*

Tun da malamar asibiti mai duba haɗiya ta fita jiya, Mai Labari ba ta ce wa kowa uffan ba a gidan. Umma ta ɗauka maƙogwaron ne ya motsa, ƙanwarta Auta ta ɗauka gajiya ce. Ita kuwa magana ɗaya take ta juyawa a ranta har gari ya waye.

Ciwon jijiyoyin nan da likitoci ke kira MS ya ɗauke mata ƙafafu ya ɗora ta a keke, ya sa hannuwanta rawa, ya kashe mata rabin harshe. Murya kaɗai ya bar mata, da ita take karanta labari a rediyo kullum da yamma, daga ƙaramin ɗakin da gidan rediyon suka lulluɓe mata da soso a cikin gida. Da ciwon ya sauko maƙogwaro sai ruwa tsararo ya koma yana zarce mata huhu, shi ya sa aka rubuta mata garin kauri, ko shayi ne sai an kaɗa shi ya yi kauri kafin ta sha. Amma tarin ya ƙi tafiya. Ƙirji kullum a cushe, murya a dishe, daga wannan kwanciyar asibiti sai wata.

Duk lokacin da ta kwanta, Auta ke zama gaban makirufo ta karanta da sunanta, don muryarsu ɗaya sak.

Jiya malamar ta jujjuya gwangwanin garin a hannu ta ce,

"Irin wannan aibunsa ɗaya. In miyau ya taɓa shi, ko na bakin cokali ne, kafin a jima ya tsinke ya koma ruwa. Ai na nanata wa ƙanwarki ranar da ta zo koyon haɗawa, har ta maimaita min."

Yau da safe Mai Labari ta turo kekenta a hankali zuwa bakin kicin. Ta gilashin kabad ta hango Auta ta kaɗa garin tsaf, ta sa cokalin a baki ta tsotse shi, ta mayar cikin kofin ta juya, ta sake, sannan ta ɗaure murfin tana 'yar waƙarta.

Wallahi ko ni da nake ba ku labari sai da na yi salati.

Ba ta yi kuka ba. Baya ta ja da keken, ta ce a ranta yau sai Auta ta gane wadda ta taɓa.

Manajan gidan rediyon ya iso ana gab da shiga shiri, yana share zufa. Yau ce ranar da ya yanka: ko dai ya ji muryar Mai Labari ta dawo, ko a miƙa wa Auta shirin gaba ɗaya da sunanta. Umma ta shimfiɗa masa fara'a a falo, tana ta sa wa Auta albarka.

"Yarinyar nan ita ce ƙafar yayarta, ita ce hannunta. Ban san yadda za mu yi ba da babu ita."

Auta ta sunkuyar da kai, wai ita kunya. Ta ci kwalliya har da sabon mayafi.

"Auta," Mai Labari ta faɗa da dasasshiyar muryarta, "haɗo min ruwa in jiƙa maƙoshi kafin in gwada."

"To Yaya."

Tana shigewa kicin, Mai Labari ta miƙa wa Manaja abin sauraro mai doguwar waya, wanda aka haɗa da makirufon ɗakin.

"Ranka ya daɗe, sa wannan a kunne. Ɗaya gefen ka ba Umma. Ko me kuka ji kada ku cire."

"Gwajin ne tun yanzu?"

"Gwaji ne."

Ta tura kanta ɗakin, ta kunna makirufo, ta zare ɗankwalin da ke kafaɗarta ta yafa a kan jan ƙwan da ke nuna ana ɗauka. A gefen teburin akwai wani kofi da ta haɗa da kanta tun da safe. Sai da ta ɓarar da rabin gwangwani kafin hannun ya yarda, amma ta haɗa.

Auta ta shigo da kofi mai murfi, irin mai ɗan bututun nan da aka saya don kada rawar hannu ta sa ta yi ɓari.

"Ga shi Yaya, sha maza, Manaja na jira."

"Rufe ƙofar."

Ta rufe.

"Ajiye shi nan. Zauna."

"Yaya lokaci fa."

"Na ce ki zauna. Yaushe rabon mu yi hira ni da ke?"

Auta ta ɗosana a bakin kujera tana kallon agogo. Mai Labari ta ƙare mata kallo tun daga mayafin har takalmi.

"Kin yi kyau."

"Kai Yaya."

"Wallahi kin yi kyau. Kamar mai zuwa karɓar aiki."

Auta ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Ke dai sha ruwanki."

"Zan sha. Kin tuna kwanciyata ta ƙarshe, da aka sa min robar iska a hanci?"

"Me ya kawo wannan maganar kuma yanzu?"

"Kin yi ta kuka a bakin gadon asibiti, har masu jinyar kusa da mu suna cewa Allah ya ba su ƙanwa irinki. Na tausaya miki ranar, kin sani? Ina fama da numfashi ina tausayinki."

Tari ya taso mata, mai fitowa tun daga ƙasan ƙirji. Ta dafe haƙarƙari ta jira ya lafa. Auta ta yi wuf ta ɗauki kofin ta nufo bakinta da shi.

"Kin gani ko? Kurɓa kaɗan."

Mai Labari ta kau da kai.

"Buɗe murfin."

"Na'am?"

"Ba ki ji ba ne? Buɗe."

"Zai zube miki a jiki Yaya."

"Ya zube. Jikina ne."

Auta ta tsaya ƙerere da kofi a hannu. Mai Labari ta fizge shi, ta matse tsakanin gwiwoyinta, ta murɗa murfin da hannu biyu har sai da ya buɗe. Ta tsoma cokali ta ɗaga. Ruwan ya tsiyaye shar, ko ɗigo bai maƙale ba.

Ta jawo wanda ta haɗa da kanta, ta tsoma wani cokalin ta ɗaga. Ya taho a hankali, da kaurinsa, kamar zuma.

"Wannan tun safe yake nan. Naki ko shan iska bai yi ba. Gari ɗaya, gwangwani ɗaya. Yi min bayani."

"Ƙila... ƙila garin ne ya lalace."

"A kofinki kaɗai yake lalacewa?"

"To ni ina zan sani? Ni na yi garin?"

"Ba ke kika yi garin ba. Amma miyau naki ne."

Fuskar Auta da ta sha hoda ta canza nan take.

"Na gan ki da safe ta gilashin kabad. Kin tsotsi cokali kin mayar, kin sake tsotsa kin mayar."

"Ɗanɗanawa na yi!"

"Ruwa kike ɗanɗanawa? Gishiri ne bai ji ba ko sukari?"

"Mantuwa ce Yaya, wallahi tallahi..."

"Kada ki rantse! Kada ki kuskura ki rantse min!"

Muryar ta tsage a tsakiya, wani zafi ya tsarga mata maƙogwaro kamar ta haɗiyi ƙaya. Ta san ya kamata ta sassauta, malamar ta sha gaya mata kada ta ɗaga murya. Amma ina, zuciya ta riga ta hau.

"Kin san harshena ba ya ji. Kin san ba na ganin cikin kofin nan. Ke kika zaɓo shi a kanti, kika ce mai murfi ya fi min. Ni kuma sakarya ina ta godiya. Kina tsaye a kaina ina sha, ina ƙwarewa, kina bubbuga min baya kina sannu Yaya. Sannu Yaya! Ke wace irin halitta ce?"

Auta ta miƙe tsaye. Hawayen da ta fara matsowa suka tsaya cak, ta goge ido da bakin mayafi. Wata irin fuska ta fito wadda Mai Labari ba ta taɓa gani ba.

"To na yi. Sai me?"

Kun ji fa. Sai me, in ji ta.

"Maimaita," Mai Labari ta ce a hankali.

"Na ce na yi! Ke kin san me nake ciki a gidan nan? Wa ke ɗaga ki daga gado? Wa ke miki wanka? Wa ke wanke zanen gadonki ranar da fitsari ya kufce miki? Na bar makaranta saboda ke, ƙawayena duk sun gama sun kama aiki, ni ina nan ina kaɗa miki ruwa kamar jaririya. In na zauna na karanta labari mutane su yi ta bugo waya suna Allah ya ƙara wa Mai Labari basira. Mai Labari! Ni ba ni da suna? Har Umma in ta tashi yabona sai ta ce ni ce ƙafarki, ni ce hannunki. Ni ba mutum ba ce, gaɓar jikinki ce?"

Maganar ta daki Mai Labari, ba ta yi ƙarya ba a nan. Da a ce wata rana ce Auta ta zo ta faɗi haka, da ta rungume ta sun yi kuka tare. Amma ta tuna daren da take jan numfashi yana ƙin shiga, sai tausayin ya koma inda ya fito.

"Da kin ce min kin gaji."

"In ce miki na gaji? Duniya ta zage ni?"

"Sai kika zaɓi ki kashe ni."

"Ni ban ce ki mutu ba! Tari kawai nake so ki yi, ki huta, ki bar min kujerar nan. Ranar farko ma da gaske mantuwa ce. Da kika kwanta na karanta, Manaja ya ce ko shi ya ɗauka ke ce. A ranar na san zan iya."

"Sai kika ci gaba."

"Duk ranar da na ji muryarki ta fara washewa."

"Har aka kai ni asibiti a sume."

"Ai kin tashi."

Innalillahi. Ai kin tashi. Mai Labari ta tsani yarinyar nan a wannan lokacin, tsana ta gaske, ba ta kuma ji kunyar tsanar ba. Ita ce fa ta goya ta. Ita ta koya mata inda ake jan numfashi a tsakiyar jimla, da yadda ake sauya murya in tsoho ne ke magana a labari.

Auta ta gyara mayafinta ta matso.

"Kuma ki faɗa wa wanda za ki faɗa wa. Umma ba za ta yarda ba, cewa za ta yi ciwon ne ya taɓa miki kai, dama likita ya ce yana iya kawo ruɗewa. Manaja kuwa murya yake nema, ba ruwansa da kofi. Ki saurari kanki mana Yaya. Wa zai kunna rediyo ya ji wannan?"

Mai Labari ta yi murmushi. Ta miƙa hannunta mai rawa ta janye ɗankwalin.

Jan ƙwan yana nan a kunne.

Auta ta kalli ƙwan, ta kalli makirufo, ta kalli ƙofa. Bakinta ya buɗe.

"Yaya... tun yaushe?"

"Tun kafin ki shigo."

Aka banko ƙofar. Umma ce a gaba, ɗankwalinta ya zame, tana haki. Manaja na bayanta da abin sauraron a hannu, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Auta," Umma ta ce, "ce min ƙarya kunnena ya ji. Ce min wasan rediyo kuke gwadawa."

Auta ta zube a ƙasa ta kama ƙafarta.

"Umma ki tsaya ki ji..."

Tas! Umma ta ɗauke ta da mari. Matar da ko tsawa ba ta taɓa yi wa autarta ba.

"Ni kike sawa in riƙe mata kai tana sha? Da hannuna? Ni kika mayar abokiyar aikinki?"

Sai kuma ta juya ga babbar, ta durƙusa gaban keken tana kuka.

"Ki rufa mana asiri. Ƙanwarki ce, cikinku ɗaya. Kada maganar nan ta fita, ni zan hukunta ta da kaina."

Ka ji Umma kuma. Ko yanzu asirin Auta take ji.

"Umma tashi," Mai Labari ta ce. "Ba zan kai ta ko'ina ba. Amma sai ta ɗanɗana."

Ta dubi Manaja. Kowace kalma sai ta yago ta daga maƙogwaro, amma ta ƙi tsayawa.

"Ranka ya daɗe, ka ji da kunnenka. Abu biyu nake so. Kada muryarta ta sake fita a shirina. Kuma duk gidan rediyon da ta je neman aiki, in an tambaye ka, ka faɗi abin da ka ji."

"Yaya don Allah!" Auta ta rarrafo. "Shi kaɗai na iya! Kada ki rufe min shi!"

"Ni ma shi kaɗai ya rage min, kika bi shi da cokali."

"Na tuba, wallahi na tuba!"

"Ki kwashe kayanki daga ɗakina. Ko ƙishi zai kashe ni, kada hannunki ya sake taɓa kofina. Fita!"

Da dukkan ƙarfinta ta furta wannan "fita" ɗin, har jijiyar wuyanta ta miƙe. Wani abu ya yi mata ƙas a maƙoshi. Tari ya biyo baya, mai tsawo, har idanunta suka firfito, Umma na shafa mata baya tana salati. Auta ta ja jiki ta fice tana gunjin kuka.

Da tarin ya lafa, Mai Labari ta jingina da keken. Ƙirjinta na ci da wuta, amma rabon da ta ji sanyi a ranta irin na yanzu har ta manta. Ta rama, kuma ta ji daɗin ramawar.

Wayar Manaja ta yi ƙara. Ya duba, ya yi gyaran murya.

"Mai Labari, ki gafarce ni, na san ba lokacinsa ba ne. Daga ofis ne, an fara kiɗan buɗe shiri. Yarinyar nan ta gama aiki da mu, wannan na yi miki alkawari. Amma ba zan ɓoye miki ba, shugabanni sun ce in yau filin nan ya tafi babu murya, gobe za su ba masu shirin wasanni shi, kuma ba zai dawo ba."

Ta gyaɗa kai. Ta nuna wa Umma kofin da ta haɗa da kanta, Umma ta ba ta cokali biyu a baki, ta sunkuyar da haɓa ta haɗiye a hankali. Ya wuce lafiya, ko tari babu.

Manaja ya jawo makirufo saitin bakinta, ya buɗe mata littafin inda aka tsaya jiya, ya sa mata abin sauraro. Ta ji kiɗan shirinta yana tashi, kiɗan da ita ta zaɓe shi tun tana tafiya da ƙafafunta. Ya fara yin ƙasa. Manaja ya ɗaga yatsa, ya nuna ta.

Ta ja numfashi ta buɗe baki za ta yi sallama.

Iska ce ta fito.

Ta haɗiyi miyau ta sake. Leɓunanta suka motsa, maƙogwaron ya yi wani ɗan shuu, shi ke nan. Ta dafe wuyanta ta matsa, ta sake gwadawa, babu ko harafi ɗaya. Ragowar muryar da ta yi ta tattali duk ta ƙarar da ita a kan Auta.

Kiɗan ya ƙare. Shiru ya fara tafiya a rediyon mutane.

Manaja ya rufe makirufo da tafin hannu, zufa na bin goshinsa.

"Yi magana, don Allah ko kalma ɗaya ce."

Umma ta ɗora hannu a ka.

Ƙofar ta buɗe a hankali. Auta ce, jakar kayanta a kafaɗa, shatin yatsun Umma kwance a kumatunta. Ba ta kalli kowa ba sai yayarta. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, da muryar nan tasu garau.

"Yaya, in karanta?"

Manaja ya juyo ya zuba wa Mai Labari ido yana jiran ta ɗaga kai ko ta girgiza.